Kar ki sa hannu tukuna ƙanwata, resign daban waive daban

Wata baiwar Allah ce ta turo wannan saƙon tace a ɓoye sunanta:

"Assalamu alaikum Anti. Shekara shida ina aiki a wani kamfani, ni ce shugabar sashenmu. Yanzu mahaifiyata ce ba lafiya sosai kuma ba mai zama da ita sai ni, shine nace bari in ajiye shugabancin, ko ma aikin gaba ɗaya in ba yadda za a yi. Na rubuta wasiƙa da Turanci nace I wish to abdicate my position, wata abokiyar aikina da ta gani sai da tayi dariya, naji kunya sosai. Washegari aka kirani ofishin kula da ma'aikata aka bani wata takarda da aka riga aka buga wai ita ce daidai, a ciki akwai I hereby resign my appointment, relinquish my position and waive all claims against the company, akace in sa hannu in dawo da ita kafin Juma'a. Na duba ƙamus naga duk kalmomin ma'anarsu ɗaya ce, give up. Ina binsu alawus na wata huɗu da kuɗin hutun da ban tafi ba. In sa hannu kawai tunda sun fini Turanci? Kuma wace kalma ce daidai dan kar in sake jin kunya?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya bawa Mama lafiya, ya sa kaffara ne, ke kuma ya saka miki da alheri da kika zaɓi ki tsaya a kanta.

Amsar farko dai kafin komai, kar ki sa hannu a takardar nan yadda take. Ko Juma'ar tazo kar ki sa. Abin da ya tsaya miki a rai shine dariyar da aka yi miki akan abdicate, ni kuma abin da ya tsaya min shine kalmar nan ta uku da ko tsayawa akanta baki yi ba, waive, dan ita ce zata iya cinye miki alawus ɗin wata huɗun nan da kuɗin hutunki a layi ɗaya, kuma da hannunki zaki bada.

Ƙamus bai yi miki ƙarya ba, duk kalmomin suna zagaye ne akan barin abu. Amma ƙamus ɗin waya taƙaitawa yake, baya gaya miki wane irin abu ake bari da kowace kalma, wa yake barinsa, da son ransa ne ko ƙwace masa aka yi, kuma in ya bari akwai hanyar dawowa ko babu. A hira ta baki in kin haɗa su ba wanda zai kama ki. A takardar da ake sa wa hannu kuwa kowacce aikinta daban, kuma wanda ya buga miki wannan takardar ya san bambancin sarai, shi yasa ya jera ukun.

Bari mu fara kawar da maganar kunyar nan. Abdicate kalmar sarakuna ce, mai gadon sarauta ne yake yinta in yayi murabus. Sarki Edward na takwas na Ingila shine misalin da kowa ke kawowa, ya sa hannu a takardar murabus ranar 10 ga Disamba 1936 saboda yana son auren Wallis Simpson, 'yar Amurka da aurenta ya taɓa mutuwa, gwamnati da coci suka ƙi. A zamaninmu ma an yi, Sarauniya Beatrix ta Holan a 2013, Sarki Juan Carlos na Sifen a 2014, Sarki Akihito na Jafan a ƙarshen Afrilun 2019, Sarauniya Margrethe ta Denmak a Janairun 2024. Kinga duk masu gadon mulki ne. To shugabar sashe a kamfani bata abdicate, iyakar kuskuren kenan, kin ɗauko kalmar da ta fi wurin girma. Ma'anar da kike nufi kowa ya gane, shi yasa ma suka yi saurin kiranki washegari. Abokiyar aikinki da ta ja ki gefe ta gyara miki cikin minti ɗaya da ta kyauta, dariya bata dace ba sam, musamman ga mutumin da mahaifiyarsa ke kwance.

Amma akwai wani dalili na biyu da yasa nake so ki janye waccan wasiƙar, kuma ya fi na farko nauyi. In ba sarki ake magana akai ba, abdicate yawanci zargi ce. In Bature yace wane has abdicated his responsibility, nufinsa mutumin ya gudu ya bar nauyin da ke kansa, yayi sakaci da amana. To ke da kika yi shekara shida kina riƙe da sashe bai kamata a samu takarda a fayil ɗinki da hannunki mai ɗauke da wannan kalmar ba, ko da kuwa ba haka kika nufa ba.

Kalmar ajiye aiki ko muƙami ita ce resign. Ita ce ta ma'aikaci, ta minista, ta shugaban ƙasa, ta shugaban kwamiti. Richard Nixon da zai sauka daga shugabancin Amurka ranar 9 ga Agusta 1974 saboda badaƙalar Watergate, jimla ɗaya tak ya rubuta wa sakataren harkokin waje Henry Kissinger: "I hereby resign the Office of President of the United States." Shikenan wasiƙar. Ina kawo miki wannan ne dan ki ga cewa ajiye aiki baya buƙatar doguwar takarda mai jerin kalmomi, in shugabancin ƙasa guda ya ajiyu da layi ɗaya to shugabancin sashe ma zai ajiyu. Duk abin da aka ƙara bayan resign a takardarki ba dan aikin ya ajiyu aka ƙara shi ba, wani abu ne daban ake nema a wurinki.

Sannan ki lura da yadda ake ɗaura ta, dan a nan matsalarki take. Resign as Head of Unit yana nufin kin sauka daga shugabancin, zai yiwu kina nan a kamfanin a matsayin ma'aikaciya. Resign from the company yana nufin kin bar kamfanin. Shi kuma resign my appointment da suka rubuta miki, a yaren ofis appointment shine ɗaukarki aikin da aka yi, wato aikin gaba ɗayansa kika ajiye. Ke a saƙonki cewa kika yi shugabancin, "ko ma aikin in ba yadda za a yi". Wato baki yanke shawara ba tukuna. Su sun yanke miki, sun zaɓar miki mafi nisa daga cikin biyun, ba tare da sun zauna dake an duba ko akwai yadda za a yi ɗin ba. Kuma a ƙa'idar wurare da yawa, Birtaniya misali, in kin bada notis na ajiye aiki baki da ikon janyewa ke kaɗai, sai in kamfanin ya yarda. Wani abu kuma, wanda ya ajiye da kansa da wanda aka sallama ba hakki ɗaya suke da shi ba, a Amurka alal misali wanda ya bar aiki da kansa ba tare da dalilin da doka ta karɓa ba yawanci baya samun tallafin rashin aikin yi, kuma kuɗin sallama na rage ma'aikata wanda aka rage ake bawa. Shi yasa kamfani yafi son ka tafi da ƙafarka.

Dan Allah ki kula da rubutun ma, resign da re-sign mai ɗan layi a tsakiya kishiyoyi ne, ta biyun sake sa hannu ce, kamar ɗan ƙwallo ya sabunta kwantiragi. Ta farko da sautin z ake faɗinta, rizain, ta biyu da s.

Relinquish bata da haɗari sosai ita kaɗai. Sakin abin da ke hannunka ne, muƙami ko iko ko kula da wani abu, kuma sau da yawa tana ɗauke da ɗan jin cewa ba a so aka saki ba. Relinquish my position bayan an riga an ce resign kusan maimaici ne. Inda zata zama abin tsoro shine in kika ga an ɗaura mata rights ko entitlements ko benefits, to nan ta koma 'yar uwar waive.

Yauwa, waive. Wannan yafe hakki ne. Hakkin naki ne, kin san naki ne, doka ko kwantiragi ya baki, sai kice na haƙura bazan nema ba. Kotun ƙolin Amurka a shari'ar Johnson da Zerbst a 1938 ta fassara waiver da cewa "an intentional relinquishment or abandonment of a known right or privilege", wato sakin hakkin da mutum ya san da shi, da gangan. Har yau lauyoyi wannan ma'anar suke kawowa. Ki riƙe kalmomi biyun nan, da gangan, da kuma sani. Sa hannunki a ƙasan takarda shine shaidar da za a nuna cewa kin sani kuma da gangan kika yi, ba wanda zai tambaya ko ƙamus ɗin wayarki ya gaya miki duk ɗaya ne.

Ita kuma claims a nan ba "iƙirari" bane yadda ake fassara ta a labarai. Duk wani abu da zaki iya tashi kice kamfanin nan ina binsa, shine claim. Albashin da ya maƙale, alawus, kuɗin hutu, garatuti in kuna da shi, kuɗin da kika kashe daga aljihunki a tafiyar aiki ba a maido miki ba, har ƙarar da zaki iya kaiwa in aka zalunce ki. All claims kuwa duka kenan ba a ware ko ɗaya ba. To ki haɗa su, waive all claims against the company, na yafe duk abin da nake bin kamfanin nan. Resign kamar ki maida mukullin ɗakin da kike haya ne ki fita, waive kuma ki yaga takardar bashin da kike bin mai gidan kafin ki fita. Mutum zai iya yin na farko ba tare da yayi na biyu ba, kuma yawancin masu barin aiki na farkon kawai suke yi.

Ba ina cewa duk takardar da ke da waive mugunta bace. Kalma ce ta yau da kullum, banki yana waive kuɗin caji wato ya yafe miki, makaranta tana bada fee waiver, akwai visa waiver tsakanin ƙasashe inda ake ɗauke wa mutum neman biza, wanda aka kama a Amurka yana iya waive hakkinsa na yin shiru ya amsa tambayoyin 'yan sanda, hakkin da ake karanta masa tun bayan shari'ar Miranda ta 1966. A harkar aiki ma ana yin yarjejeniyar rabuwa mai waiver a ciki kullum. Amma yadda aka saba ciniki ne, kamfani ya baki wani abu ƙari akan abin da dama hakkinki ne, ke kuma ki yarda bazaki kai ƙara ba. A takardarki me suka baki? Daga abin da kika kwafo min babu komai. Kin bada aiki, kin bada muƙami, kin bada kuɗinki, su basu ajiye ko sisi a nasu ɓangaren ba.

Kuma saboda an san ma'aikaci ne mai rauni a irin wannan zaman, ƙasashe sun sa shinge. A Birtaniya dokar Employment Rights Act ta 1996 bata yarda ma'aikaci ya yafe hakkokin da doka ta bashi haka kawai ba, yarjejeniyar da suke kira settlement agreement bata zama halastacciya sai ma'aikacin ya samu shawara daga mai bada shawara mai zaman kansa, kamar lauya ko jami'in ƙungiyar ƙwadago da aka amince da shi, kuma sai an sa sunansa a takardar. A Amurka wata doka ta 1990 tace in ma'aikaci ya kai shekara 40 kuma ana so ya yafe ƙarar wariya saboda shekaru, dole a bashi aƙalla kwana 21 yayi nazari, bayan ya sa hannu ma yana da kwana 7 da zai iya janyewa. Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, dole ki tambayi lauyan inda kike, zai ma iya yiwuwa dokar wurinku bata yarda a yafe albashin da aka riga aka yi wa aiki ba ko an sa hannu. Amma kar ki dogara da haka ki sa hannu kice kotu zata warware daga baya, da mara lafiya a gida ba ki da lokacin zaryar kotu. Abin da nake so ki gani shine inda aka zauna aka yi tunani akan wannan kalmar makonni ake ba mutum da lauya a gefensa, ke kuma an ce miki kafin Juma'a.

Ki sake ɗauko takardar ki karanta ta layi layi, da kwantiragin da kika sa wa hannu ranar da aka ɗauke ki. Ki nemo release ko discharge, duk sauke wa kamfani nauyinki ne. Ki nemo full and final settlement, wato abin da aka baki shine ƙarshe babu sauran magana. Ki nemo irrevocably, ba janyewa. Known or unknown, har abin da baki ma san kina bi ba. With immediate effect, daga yau ɗinnan, wannan ta ƙarshen tana iya jawo miki wata kalmar da bata cikin takardar amma ina kyautata zaton tana cikin kwantiragin, forfeit.

Forfeit ita ce ba da son rai ba. Asara ce ta hukunci, ka karya wata ƙa'ida ko ka bari lokaci ya wuce sai abin ya kuɓuce maka. Asalinta ma a tsohon Faransanci laifi take nufi. In ƙungiyar ƙwallo taƙi fitowa fili sai a ce ta forfeit wasan a bawa abokiyar karawarta 3 da 0. Kwantiragin aiki da yawa suna cewa wanda ya tafi bai bada notis na wata ɗaya ko wata uku ba zai biya albashin wannan lokacin ko ya forfeit wasu hakkoki. To ki duba kar takardar da suka buga miki da kansu ta sa ki tafi nan take, daga baya kuma ace kin karya ƙa'idar notis. In su ne suke so ki tafi da wuri sai su rubuta cewa sun yafe notis ɗin, kinga a nan waive ta dawo tana miki aiki, the company waives the notice period.

Yanzu ga abin da nake ganin shine ainihin buƙatarki, kuma babu shi a cikin kalmomin da kika duba a ƙamus ko ɗaya. Ke ba so kike ki rabu da aikinki ba, lokaci kike nema. Sunan wannan leave of absence, hutu na wani lokaci da aikin yana jiranki, in ba albashi ace unpaid leave, wasu wuraren suna da compassionate leave ko carer's leave musamman dan jinyar iyaye da iyali. A Amurka dokar Family and Medical Leave Act ta 1993 tana ba ma'aikacin da ya cika sharuɗɗa har mako 12 a shekara ba albashi dan jinyar uwa ko uba mai ciwo mai tsanani, kuma aikinsa na nan. Birtaniya ta fara nata hutun masu jinya a Afrilun 2024, mako ɗaya ne a shekara. Kamfanoni da yawa kuma suna da nasu tsarin a littafin ma'aikata wanda ya fi na doka. Kin taɓa buɗe littafin naku kin duba? Da wuya, kusan ba mai buɗewa sai rana irin wannan.

In kuma nauyin shugabancin ne yayi miki yawa amma zaki iya aikin, kalmar ita ce step down, step down as Head of Unit, ki sauka ki koma ma'aikaciya. Step aside ta fi ta sauƙi, matsawa gefe ne, sau da yawa na ɗan lokaci, wani ya riƙe kafin ki dawo. Su biyun ba kalmomin lauya bane shi yasa dole ki rubuta ƙarara cewa kina nan a matsayin ma'aikaciya da kuma ranar da za a sake duba maganar, kar ki bar wa kowa fassara. Jinya bata da ranar ƙarewa da aka sani, kuma tana cin kuɗi, albashin nan da inshorar lafiya in kuna da ita zasu yi wa Mama amfani fiye da yadda kike gani yau da hankalinki yake a tashe.

Sauran kalmomin zan bi ta kansu da sauri tunda kince kar ki sake jin kunya. Renounce shelantawa ce a fili cewa ka rabu da abu, zama ɗan ƙasa ko gadon sarauta ko aƙida ko tashin hankali, kuma tana da nauyin har abada. Shi kansa Edward a cikin takardar murabus ɗinsa renounce the Throne ya rubuta, wa kansa da zuriyarsa. Tsarin mulkin Jafan na 1947 a sashe na 9 da ita aka ce sun rabu da yaƙi. Boris Johnson, tsohon firaministan Birtaniya da aka haifa a New York, ya renounce zama ɗan Amurka a 2016. Paparoma Benedict na 16 da ya sauka a Fabrairun 2013, na farko tun Gregory na 12 a 1415, da Latin yayi jawabinsa da kalmar da renounce ta fito daga cikinta, jaridun Turanci kuma suka ce resign. Cede ta ƙasa ce da yanki, Sin ta cede tsibirin Hong Kong ga Birtaniya a yarjejeniyar Nanking ta 1842. Surrender miƙa wuya ne a yaƙi, amma a ofis miƙa kaya ne, in zaki tafi za a ce ki surrender katin aiki da kwamfutar ofis, wannan ba komai, ki dai karɓi takardar shaidar kin miƙa. Recuse alƙali ne yake janye kansa daga shari'a ɗaya saboda yana da alaƙa da ita, kujerarsa na nan. Disclaim ƙin karɓar gado ne ko sarautar gado, ɗan siyasa Tony Benn yayi haka a 1963 dan ya samu komawa majalisar wakilan Birtaniya. Recant da abjure janye magana ko aƙida ne, ta biyun da rantsuwa, irin wanda aka tilasta wa masanin taurari Galileo a Rum a 1633 akan cewa duniya ce ke zagaya rana. Quit kuma ta baki ce, kar ki sa ta a wasiƙa, tana da ɗan ƙamshin fushi.

In kina mamakin me yasa yare ɗaya zai tara kalmomi haka akan abu ɗaya, tarihi ne. Give up ita ce ta gida, ta talakan Ingila. Bayan Normawa daga arewacin Faransa sun ci Ingila a 1066 Faransanci da Latin suka zama yaren fada da kotu da coci na ɗaruruwan shekaru, sai kowane fanni ya ɗauki tasa kalmar ya riƙe. Shi yasa Turawan da aka haifa cikin yaren ma suna biyan lauya ya karanta musu irin wannan takardar. Dan haka maganar "sun fini Turanci" ki ajiye ta, ba jarrabawar Turanci ake miki ba, yarjejeniya ce tsakanin ɓangare biyu kuma ɓangare ɗaya ne ya rubuta ta yadda zata yi masa daɗi. Wannan aikinsu ne, ba sai sun kasance mugaye ba, wataƙila ma fom ne da suke ba kowa. Amma ke ma kina da ikon cewa a cire wannan layin.

Ga yadda zaki yi. Yau ɗinnan ki tura imel, kar ki tsaya a magana ta baki ko waya, ki ajiye kwafi a imel ɗinki na kanki ba na ofis ba dan ranar da kika tafi za a rufe na ofis ɗin. Ki rubuta musu kamar haka:

I withdraw my earlier letter, which did not express my intention correctly. I have not resigned. Due to my mother's illness, I request a leave of absence of three months, or alternatively to step down as Head of Unit while remaining an employee. I am unable to sign the document given to me until I have taken advice.

Ma'ana kin janye wasiƙar farko dan bata faɗi nufinki daidai ba, baki ajiye aiki ba, kina neman hutun wata uku saboda jinyar mahaifiya ko ki sauka daga shugabanci ki cigaba da aiki, kuma bazaki sa hannu a takardarsu ba sai kin nemi shawara. Wata ukun misali ne, ki sa abin da likita ya nuna miki. Layin I have not resigned kar ki cire shi ko wani yace yayi tsauri, dan waccan wasiƙar ta abdicate tana hannunsu kuma za a iya cewa ita ce takardar ajiye aikinki.

A imel ɗin ko a wani daban ki nemi su rubuto miki lissafin abin da kike bi, alawus na wata huɗu da kwanakin hutun da suka taru, da adadi. Ke ma kiyi naki lissafin da takardun albashinki. Sannan ki kai takardar da kwantiragin wurin lauya mai harkar ƙwadago, ko ƙungiyar ma'aikata in kina ciki, zama ɗaya ya isa, kuɗinsa bazai kai abin da kike shirin yafewa ba. In suka matsa akan Juma'a kice kina jiran lauya, kamfanin da yake da gaskiya baya tsoron wannan jimlar.

In an yi duk wannan suka ƙi hutun suka ƙi sauka daga muƙamin kuma kika ga Mama ta fi, to ki tafi da kanki a sama, ba laifi bane, amma ke zaki rubuta taki wasiƙar gajeriya: I hereby resign from my employment with effect from, sai ki sa ranar da notis ɗinki zai cika, sannan ki ƙara This resignation is without prejudice to my outstanding allowances, accrued leave and other entitlements. Without prejudice to ɗin nan shine ke cewa tafiyata bata taɓa hakkokina ba, suna nan ina bi. Ki sa hannu a wannan, ki sa wanda ya karɓa ya buga hatimi da kwanan wata a kwafinki, ki tafi da kwafin gida. In sun turo amsa ki turo min in duba miki kafin ki mayar.